Abin Da Na Tono a Ramin Zubin Malam Sharhabilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, da wanda ya kintsa da wanda kiran ya same shi bai kintsa ba.

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, wadda ta zo daidai da huɗu ga watan Rabi'us Sani, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sharhabilu Isyaku, malamin gona, a gidansa da ke Wudil, bayan jinyar kwana tara. Ya bar matarsa Hajiya Murja da 'ya'ya biyar. An yi masa sutura bayan azahar. Ni Haladu, hedimastan firamare, abokinsa na shekara goma sha tara, ina cikin mutum ukun da suka shiga kabari suka karɓe shi.

Malam Sharhabilu, yau kwana arba'in da uku da rasuwarka, sai yanzu na iya ɗaukar alƙalami. Da a makon farko na rubuta, da yabo ne zalla daga sama har ƙasa, domin a makon nan ban san abin da na sani yanzu ba. Zan faɗi alherinka, yana da yawa, kuma da idona na gan shi. Zan kuma faɗi abin da ka yi wa yayana Ɗantani na Indabo, wanda ya yi wata goma sha takwas a kurkuku kan satar da bai yi ba, kana sane. Shi yana da rai, kuma har ranar da muka binne ka ɓarawo ake ce masa. Raina a ɓace yake da kai, abokina, ba kuwa zan ɓoye ba.

Duk wanda ya san ka ya san rumfar nan ta bayan gidanka. Kai ba ɗan maƙera ba ne, ba ka gada ba, ba kuma abinci kake nema da ita ba. Sha'awa ce kawai ta kama ka wata rana da ka tsaya kallon maƙeran fari a cikin birnin Kano, ka dawo ka haƙa murhu, ka sa aka ɗinka maka zuga-zugi na fatar akuya. Mutane sun yi dariya, ni ne ma na fi kowa. Na ce da kai, mutum da albashinsa da babur ɗinsa ya rasa abin yi ranar hutu sai shan hayaƙi? Ka ce, "Hedimasta, zauna ka zuga mini sau ɗaya, in ba ka ji daɗi ba kada ka sake zuwa." Na zauna na zuga. Tun daga ranar, kowace Asabar da rana a rumfar nan take samuna.

Jan ƙarfe kake narkawa, wanda mutane suka yar. Tsohuwar radiyetar mota, wayar injin da ya ƙone, tukunyar risho da ta huje, kan famfo da ya lalace. Shekarun nan na kuɗin mai sun yi maka daidai, motoci sun cika hanyar Kano, yau a sayi sabuwa gobe a gan ta a rami, kai kuwa kana bin makanikai kana roƙon abin da za su zubar. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyar watannin baya, kowa ya tafi sayen rediyo da firiji, kai ka dawo da buhu shida na gawayin ƙirya da sabon awartaki. Hajiya Murja ta yi kwana biyu ba ta yi maka dariya ba.

Kai ka koya mini aikin tun daga tushe. A fara siffanta abin da ake so da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki, a bar masa baki, a shanya. In ya bushe a gasa shi har kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki. Sai a binne mazubin nan har wuya a cikin ramin yashi, don kada ya fashe ko ya kife lokacin zubi. Ni aikina zuga. Kai kana durƙushe kana duban wuta, in harshenta ya koma kore sai ka ɗaga mini hannu, ka kwashe dattin da ya taso da sandar ƙarfe, ka ɗauko tukunyar da awartaki, ka yi bisimilla ka zuba. Ba a magana lokacin zubi, dokarka ce. Sau da yawa mu fasa yumɓu mu tarar abin ya yi huji-huji kamar ƙosai, ka yi tsaki, ka mayar da shi wuta. Ban taɓa ganin ka yi fushi da ƙarfe ya wuce minti biyar ba.

Ba ka taɓa karɓar ko kwabo a kan aikin nan ba, wannan kowa shaida ne. Lokacin da injin niƙan wata tsohuwa a Achika ya tsaya saboda wani ɗan zobe da ya cinye, aka ce sai an aika Legas, kai ka ɗauki tsohon ka auna da zare, ka zuba sau huɗu kafin ya yi daidai, ka hau babur ka kai mata da kanka. Ƙararrawar makarantarmu da hannunta ya karye, kai ka yi mata sabo, har yau da shi ake kaɗawa. Malaman allo nawa ne a garin nan suke tsoma alƙalami a kurtun tawadar da ka zuba musu? Da matata ta kwanta naƙuda ta yi tsanani, kai ka bar taron manoma a tsakiya, ka nemo mota, ka kai mu Kano, ka zauna a ƙofar asibiti har aka ce an sauka. Yaron da aka haifa a ranar, sunanka na sa masa.

Zan koma kan yayana, domin wanda bai san shi ba ya sani.

Ɗantani shi ne babba a ɗakinmu. Shi ya yi noma ni na yi makaranta, da guminsa aka saya mini littafin farko. Bai iya karatun boko ba, amma a masallacin unguwarmu a Indabo shi yake kiran salla in ladan ba ya nan, kuma a hannunsa mabuɗi yake. A ranin 1975 wani kamfanin 'yan kwangila, wanda yanzu ya tattara ya bar ƙasar nan, ya zo gina gidajen ma'aikata a gefen Wudil, suka nemi mai gadin sito. Ni na kai Yaya, kai kuma ka yi masa shaida a wurin baturen aikin, ka ce ka san shi mutum ne mai amana.

A cikin siton akwai wayar wuta mai kauri, jan ƙarfe zalla a cikinta, an naɗe ta ƙulli-ƙulli kamar gammo. Da yake Yaya ba ya karanta lambar da ke jiki, sai ya yi dabararsa. Kowane ƙulli ya ɗaura masa kaba, da irin ɗaurin da mahaifinmu ya koya mana na bakin buhu, a zagaya sau biyu a soke wutsiyar ta ƙasa. In ya zo da safe ya duba ɗaurinsa, ya san ba a taɓa ba.

Wata Juma'a ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar ƙofar a kulle yadda ya bar ta. Sai ranar Litinin da aka buɗe aka ga babu ƙulli biyar. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a haura katanga ba. Aka ce mai gadi ne. A gaban alƙali Yaya ya rantse, ya ce, "Ranka ya daɗe, duk inda aka ga wayar nan za a ga ɗaurina a jikinta, a bincika." Mutanen kotu suka yi dariya. Ina wurin, kai ma kana wurin, a benci ɗaya muka zauna. Da aka yanke hukunci, kai ka riƙe ni har waje.

Ranar Asabar da ta biyo bayan kama shi, tun ba a shiga kotu ba, ka aiko kirana. Na ce ba ni da zuciyar zuga. Ka zo da kanka ka ce zaman ɗaki ba zai fito da shi ba, in zo in rage tunani. Na bi ka. Ka fito da kwano cike da jan ƙarfe an yayyanka shi tsawon ɗan yatsa, an ƙone robarsa. Na ɗauki ɗaya na juya, na ce ban taɓa ganin tarkace mai tsabta haka ba, ba dalma ba tsatsa. Ka ce daga wurin masu gwangwan na Kano ka samo. Ban sake tambaya ba. Na zauna na zuga maka tun hantsi har la'asar, muka zuba shi sanduna shida, ka ajiye su daban a kan katanga ka ce na aiki mai muhimmanci ne.

Malam Sharhabilu, ashe shaidar da za ta fitar da yayana ce ka ɗora a wuta, ka kuma sa ni na hura mata iska da hannuna. A duk garin nan ka rasa wanda za ka kira sai ni?

Abin da ka yi wa iyalinsa bayan an ɗaure shi, shi ne abin da na fi yabonka da shi a bainar jama'a. Kowane wata ka ɗaura buhun dawa a bayan babur ka kai wa matarsa Hansai. Da damina ta zo, kai ka kai taki gonarsa, ka tsaya aka yi huɗa. Ka je kurkuku duba shi ya fi sau goma, kana kai masa goro da sabulu. Hansai takan ce ko ɗan'uwa na jini bai yi musu abin da ka yi ba, ni kuwa in ji kunya, domin gaskiya ta faɗa. Da auren 'yarsa Safara'u ya tashi yana tsare, ka ce za ka yi mata mundaye. Muna tsaye a rumfa kana duba tarkace, ni na nuna kan katanga na ce, ɗauko mai tsabtar nan mana, ai na aure ne. Ka dube ni, ka ɗan jima, sannan ka miƙa hannu ka ɗauko. Mundaye huɗu muka zuba, sun fi duk abin da muka taɓa yi kyau, ka goge su da toka da lemon tsami har suna ɗaukar ido. Yarinyar nan ta sa su ta tafi kurkuku ta nuna wa ubanta, ya sa maka albarka.

Ya fito bayan wata goma sha takwas cif. Na ɗauka in ya fito shi ke nan, ashe da saura. An karɓe mabuɗin masallaci tun yana ciki, ba a mayar masa ba. Ladan ya yi rashin lafiya aka nemo wani daga wata unguwa, Yaya yana zaune. In ya shiga sahu sai ka ga mutum ya koma waje ya ɗauko takalminsa ya ajiye a gabansa. Akuya ta ɓata a gari, a zo a leƙa zaurensa wai an zo gaisuwa. Sai ya koma zuwa salla bayan an tayar, ya tsaya a ƙarshen sahu, a yi sallama ya fice. Mutumin da muryarsa take kaiwa har bakin fadama ya zama in yana magana sai ka matso. Na sha kawo maka kukan nan a rumfa, kana durƙushe a bakin ramin yashi, kana cewa in yi haƙuri, Allah zai bayyana gaskiya.

Kwana tara na yi ina zuwa bakin gadonka. A rana ta bakwai ka kama hannuna ka ce, "Hedimasta, ka yafe mini." Na ce me ka yi mini ban da alheri? Ka buɗe baki, ka rufe, ka juya fuskarka bango. Da ka ƙarasa maganar nan, da Yaya ya ji daga bakinka, kuma na san shi, da ya yafe maka nan take kana da rai. Ba ka ƙarasa ba. Ranar jana'iza liman ya roƙi jama'a duk wanda ka saɓa wa ya yafe. Muryata ta fi ta kowa, Yaya yana gefena, shi ma ya ce ya yafe duniya da lahira. Ya yi kuka a kanka, har sai da na ja shi gefe.

Bayan sadakar bakwai Hajiya Murja ta aiko ta ce in zo in kwashe kayan rumfa, tunda ni kaɗai na san mene ne mene ne, suna so a gyara wurin a yi wa babban ɗanka ɗaki. Na je da safe. Na ware awartaki da magagari da tukwane, na naɗe zuga-zugi. Sai ramin yashi. Na ɗauki shebur ina kwashewa, na wuce inda muke binne mazubi, na ga yashi bai ƙare ba. Na san zurfin ramin nan, tare muka haƙa shi, bai wuce gwiwa ba. Na ci gaba har kusan ƙugu, shebur ya taɓa buhu. Na jawo shi na kwance. Ƙulli uku na waya, robarsu ko ƙwarzane babu, kowanne da kaba a jikinsa, an zagaya sau biyu an soke wutsiyar ta ƙasa.

Ban san tsawon zaman da na yi a bakin ramin ba. Shekara biyu da rabi, kowace Asabar, a kan buhun nan nake durƙusawa in riƙe maka mazubi.

Na ɗauki ƙulli ɗaya na tsaya a ƙofar ɗakin da Hajiya Murja take takaba, na yi sallama, na turo shi ta ƙarƙashin labule. Na ji ta ja numfashi. Na ce, "Hajiya, don Allah kada ki ce ba ki sani ba."

Ta ce, "Na sani, Malam Haladu. Shi ya sa na ce kai za ka kwashe, ban ce wani ba."

Ta ba ni labari ta bayan labule. Direban kamfanin ne ya kawo, ranar Juma'ar nan da rana tsaka, ya ce ragowar aiki ce baturen ya ba su. Ka karɓa da murna, ka ba shi tukwici. Ranar Litinin da labarin sata ya iso, ka shiga rumfa ka ga kabar, ka gane. Ta ce ta roƙe ka ka ɗauka ka kai tun kafin magana ta yi nisa. Ka ce mata lokacin ne ake ta korar ma'aikata ta rediyo, mutum yana cin tuwo ya ji sunansa, in aka ji an sami kayan sata a gidan malamin gona ba wanda zai tsaya jin bayani, aiki ya tafi, fansho ya tafi. Ka ce Ɗantani ba shi da laifi, za a sake shi. Da aka ɗaure shi ka ce ai yanzu lokaci ya wuce. Biyu ka narkar, sauran ukun hannunka ya kasa, ka binne. Direban kuwa tuni ya bi kamfanin ya tafi.

Ta ce, "Sau uku ina ɗaukar mayafi in zo gidanka, sau uku ina komawa daga soro. Mijina ne. Ni ma ina da nawa alhakin, ba na musu."

Na gane tsoronka, Malam Sharhabilu, ni ma ma'aikaci ne, ni ma na kwana da kunne a rediyo a shekarar nan. Da ka zo ka faɗa mini, da mun nemi hanya tare, ko a ajiye buhun a ƙofar alƙali, ko a sami wani babba ya shiga maganar. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ka dubi tsabar idona shekara biyu da rabi, mu ci a kwano ɗaya, in yi ta yabonka a gaban mutane kana sunkuyar da kai, ni ina zaton kunya ce ta mutumin kirki.

Washegari na ɗaura buhun a bayan keke na tafi Indabo. Na sami Yaya a gindin ɗorawar gonarsa yana gyaran ƙotar fartanya. Na ajiye ƙullin a gabansa. Ya ɗauka, ya shafa kabar da babban yatsa, ya ce, "Nawa ne. A ina?" Na faɗa masa duka, ban rage ba.

Ya ce, "Sauran biyun fa?"

Na ce an narkar.

"Kai ka zuga?"

Na ce, "Ni na zuga, Yaya."

"Mundayen Safara'u?"

Na ce su ma.

Bai zage ka ba, bai zage ni ba. Na so ya zage ni. Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da fiƙe ƙotar, har wuƙar ta yanke shi bai kula ba. Da zan tafi ya ce abu ɗaya yake so, a faɗa a masallacin da aka karɓe masa mabuɗi, a gaban mutanen da suke ɗauke takalmansu.

Ba kowa ne ya so hakan ba. Dattawa biyu daga cikin abokanka sun zo har makaranta suka ce in rufa wa mamaci asiri, in dubi marayunka, wanda ya tafi alherinsa ake ambata. Na ce da su na ji, amma wa zai rufa wa Ɗantani nasa, shi da yake yawo a buɗe kusan shekara uku? Muka je wurin liman tare. Ya saurara, ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don wanda ya ɗauka ya mutu, kuma wanke wanda aka zalunta sauƙi ne ga mamacin kansa. Babban ɗanka Ƙasimu, Allah Ya yi masa albarka, da ya ji, sai ya ce shi zai ɗauki buhun. Shi ya ɗauka a kansa ya shiga da shi harabar masallacin Indabo bayan sallar Juma'a, ni na yi bayani.

Daga nan aka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya ana ba Yaya hannu, wasu ba su iya duban fuskarsa ba. Mai unguwa ya ciro mabuɗi daga aljihu ya miƙa masa, ya karɓa. Da aka ce ya kira la'asar, ya ce a bari tukuna, muryar ta tafi. Kwana biyu bayan haka Safara'u ta aiko mini da mundayen a ƙulle cikin tsumma, ba saƙo ko ɗaya. Suna cikin akwatina. Kamfanin ya tashi, ita ba ta so, ni ban san na wane ne ba.

Ranar sadakar arba'in, wato Lahadin da ta wuce, ban zaci Yaya zai zo ba. Sai ga shi a kan kekensa, cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ya zauna a bakin tabarma. Aka yi karatu, aka yi addu'a, ya ɗaga hannu tare da kowa ya shafa. Sai liman ya ce tunda ga abin da ya bayyana, yana sake roƙon jama'a a yafe wa mamaci. Aka amsa. Na saci kallon Yaya, na ga bakinsa yana motsi amma ba abin da ya fito. Da aka watse ya gaisa da 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kan Ƙasimu, ya aika wa Hajiya Murja da gaisuwa. Na raka shi bakin hanya. Ya riƙe kan keke ya ce, "Haladu, wallahi yafewa na zo yi. Tun daga gida nake maimaitawa a hanya. Bakina ne ya ƙi. Ka ce wa iyalinsa zan sake gwadawa."

Ga inda maganarka take ke nan, abokina. Yafewar da muka yi a bakin kabarinka ta wanda bai sani ba ce. Ni tawa ina sabunta ta kowace safiya, wata rana ta zauna, wata rana kafin azahar ta kwance. Na rasa abokin da ban da kamarsa, kuma ko kewarka ban samu na yi yadda ya kamata ba, da na fara sai fushi ya shigo. Jiya tunanin ranakun Asabar ɗinmu ya faɗo mini a rai ba dalili, na tuna yadda kake ɗaga hannu in wuta ta yi kore, na zauna a ofis na yi hawaye, ina jin haushin kaina.

Ya Allah, ga bawanKa Sharhabilu ɗan Isyaku ya zo gare Ka. Ka san alherinsa fiye da yadda na sani, Ka san tsoron da ya rinjaye shi, Ka kuma san abin da ya so faɗa ranar da ya juya fuskarsa bango. Ka jiƙansa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha da zullumin da ya kwana da shi su zama kaffara. Ka gafarta mini nawa rabon, domin hannuna yana ciki ko da ban sani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Murja, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya saka mata da gaskiyar da ta faɗa a ƙarshe. Ina miƙawa ga Ƙasimu da ƙannensa, ba su da laifin komai, kada kowa ya dube su da wannan. Ina miƙawa ga 'yan'uwa da abokan aiki da manoman Wudil da Achika da Indabo waɗanda suka amfana da shi. Allah Ya albarkaci abin da ya bari.

Saura haƙƙi ɗaya, wanda ba ni da ikon yafe shi, liman ma ba shi da iko. Yaya Ɗantani ya haura sittin, kuma kurkuku ta taɓa masa ƙirji. Duk wanda ya karanta wannan takarda ya taya mu roƙo, Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya buɗe masa baki tun yana nan duniya, kafin su haɗu a can. Amin.